Dankalin Baba Ilu

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar zauren Baba Ilu a ƙauyenmu ya san tasar nan. Ruwa ne a cikinta, da rabin dankali da aka fere, aka ƙwaƙule tsakiyarsa aka zuba gishiri. Kana yin sallama, kafin ya amsa zai ce, "Leƙa ka gani." In ka leƙa, ramin da ya zuba wa busasshen gishiri da safe ya cika da ruwa. To ka shiga uku, zai tsare ka da bayani, ranar ba kai ba gona!

Ya daɗe yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare a Ɗambatta. Can ya ga malamin kimiyya ya yi wa ɗalibai wannan gwajin, shi ke nan abin ya shiga ransa bai ƙara fita ba.

"Da jikinka da dankalin nan duk ƙananan ɗakuna ne, ido ba ya ganinsu," in ji shi. "Kowane ɗaki da tantaninsa. Ruwa yana ratsa tantanin, gishiri kuwa sai da izini. Shi ya sa ruwa yake tashi ya bi inda gishiri ya fi yawa. Ruwa bawan gishiri ne!"

Wata damina na samu takin zamani, na ce bari in yi wa gerona gata. Na dumbuza a gindin kowace shuka. Ba a jima ba duk suka yi yaushi. Baba Ilu ya zo, maimakon jaje sai dariya har da riƙe ciki.

"Sabo, takin ya fi saiwar gishiri, ya tsotse musu ruwa!"

"Baba, ni gerona nake wa kuka."

"Ni ma shi nake yi maka bayani!"

Amma da yamma da kansa ya kawo min iri.

Kun tuna azumin nan da ya jiƙa dabino ya kawo masallaci? An kira magariba, kowa ya miƙa hannu, shi kuwa ya riƙe kwanon gam.

"Ku dubi yadda ya kumbura! Zaƙin ciki ne ya jawo ruwan, ai sukari ƙanin gishiri ne."

Liman ya ce, "Malam Ilu, don Allah bari mu ma ruwan ya ratsa mu."

A hankali mutane suka koyi zagayawa ta bayan gidansa. Ni kaɗai na rage, don tun da matata ta rasu, 'ya'yana suka koma Kano, ba ni da wani zauren hira sai nasa. Ran nan na tambaye shi abin da ya kwashe mana samarin gari.

"Kano ta fi mu gishiri."

"Mu fa, Baba?"

"Mu ne gishirin da aka hana wucewa."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Shi ya matsa min na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tsanyawa, wai kada maganar ta mutu da shi. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Kada ka bar tasar ta bushe. Wata rana wani zai tsaya ya tambaya."

Ban bari ba. Kullum da safe ina fere dankali in ajiye a ƙofar zaurena, in zauna kusa da shi da bayanina a baki. Masu tafiya gona su gaishe ni su wuce. Har yau mai tsayawa guda ce, akuyar maƙwabciyata Inna Talatu, ita ma cinye darasin take yi ta lashe gishirin. Jiya na tsinci kaina ina yi mata bayani, har na kai kan tantani kafin ta tafi.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya ni'imta kabarinsa. Allah ya haɗa shi da masu zama su saurare shi har ya gama. Ni kuma Allah ya kawo min mai tambaya kafin tawa ta zo.