Hoton Abokina da Bai Fita Ba

Shekarun baya, ina ɗalibi a jami'ar nan ta Wudil, na yi wani aboki mai ɗaukar hoto. Ɗan Achika ne, ya ɗan girme ni, kuma tun muna aji uku ya yi aure. Duk abin da ya mallaka na sana'ar bai wuce kyamara ɗaya da lens ɗaya ba, wato gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Nasa irin wanda suke kira tamanin da biyar ne, na ɗaukar fuska. Ba ya zuƙowa, ba ya ja baya. In kana son mutum ya matso, kai ne za ka taka. Amma in aka buɗe shi sosai, fuskar mutum ce kaɗai za ta fito tar, duk abin da ke bayansa ya narke kamar an shafa shi da hannu.

Na hannu ya saya a Kano, injin da ke saita shi ya riga ya mutu, don haka da yatsa yake murza shi har idon mutum ya fito. Ni aikina riƙe farin kwali ina mayar da haske. Idan aka tambaye ni sai in ce tare muke sana'ar.

Bayan la'asar muke fita, yawanci bakin kogi ƙasan gada, inda masu kwale-kwale ke sauke yashi. 'Yan aji huɗu masu shirin fita, amare da angwaye, har wani dattijo mai saida shanu a kara ran Juma'a, duk ya ɗauke su. Yana da wata dabara: ba ya cewa mutum ya yi murmushi. Hira zai ja ka da ita, ya tambaye ka garinku ko abin da ka ci da rana, sai ka manta da kyamarar, sannan ka ji ƙaf.

Shi kuwa ba ya yarda a ɗauke shi. In ka ɗaga waya sai ya kare fuska da kyamara. "Mutumina, ni ba na kyau a hoto," yake cewa, "shi ya sa na koma baya."

Wata ranar kaka, ana yankan dawa, wata amarya ta shanya mu a bakin kogi. Rana ta yi laushi, hasken ya yi irin wanda yake so. Na ce ya ba ni kyamarar in gwada, tunda zaman banza muke. Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Ya rataya mini ita a wuya, ya ja baya ya zauna a bakin wani kwale-kwale.

"Ido za ka nema," ya ce. "Na kusa da kai. Murza a hankali, in ya fito ka danna."

Na murza, na wuce, na dawo, na sake wucewa. Ya dube ni ya ce na riƙe kyamarar kamar wanda aka ba ajiyar kazar mutane, ya fashe da dariya har ya sunkuyo gaba. A nan na danna.

Da muka duba, zanen hularsa ya fito zare-zare, kunnensa ma ya fito. Idanun ne da bakin suka yi dishi-dishi. Abin da lens ɗin ke kamawa bai fi faɗin yatsa biyu ba, shi kuma ya motsa.

"Ka ɗauki hula, ka bar mai hula," ya ce. Na ce ya koma in sake. Daidai nan Keke Napep ɗin amarya ya tsaya a saman gada, ƙawayenta suna ɗago mana hannu. Ya miƙe yana kaɗe wando. "Rana na tafiya. Wani lokacin ka sake, ai muna tare."

Muka gama makaranta, bautar ƙasa ta kai ni kudu, shi ya zauna ya buɗe ɗan shago a cikin gari. Muna waya lokaci-lokaci. Ina can ƙanensa ya kira ni wata safiya ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, an kai shi asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Matarsa na da tsohon ciki.

Sai bayan sadakar bakwai na samu zuwa Achika. Aka shigar da ni wajen mahaifiyarsa, na durƙusa muka gaisa, na yi mata ya haƙuri. Ta ce, "Kai ne mai riƙe masa kwali?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce sun duba ko'ina ba su sami hotonsa na kirki ba, sai na katin makaranta da ya ɗaure fuska kamar an kama shi. Ta ce ba don ita ba, ita ba za ta manta fuskar ɗanta ba. Don abin da ke cikin matarsa ne, in ya girma ya tambaya.

Ƙanen ya kawo mini kwamfutarsa. Na yini ina buɗe hotuna. Fuskokin mutanen Wudil ne iya ganinka, kowa ya yi kyau, kowa idonsa tar. Can a wani lungu na ga wanda na ɗauke shi a bakin kogi. Bai goge ba.

Na kai aka wanke shi babba, na koma da shi ina jin nauyi. Na fara ba ta haƙuri, ina bayanin cewa ya motsa ne, ni kuma ban iya ba. Ba ta saurari wannan ba. Ta riƙe hoton nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Me ya ba shi dariya haka?" ta ce.

Na gaya mata maganar kazar. Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa wa matarsa da ke zaune a gefe.

Mace aka haifa. Yanzu ta shiga firamare, kuma hoton yana nan a bangon ɗakin uwarta. Bara wani ya nuna mini manhajar waya da ke gyara hoton da bai fita ba, sai na sa shi a ciki da ɗoki. Ta fito da fuska tsaf, har gashin ido ana ƙirgawa. Na tura wa matarsa. Ba ta jima ba ta amsa: "Allah ya saka da alheri, amma wannan ba shi ba ne." Na sake dubawa, gaskiyarta. Idanun wani ne daban aka manna masa.

Ban koyi hoto ba har yau, aikina ma ya yi nisa da shi. Na san ba wanda ya yi laifi a ranar, amarya ce ta zo, rana kuma tana faɗuwa. Amma duk sanda na hau gadar nan na hango masu yashi a ƙasa, sai in ji da na ƙi cire kyamarar daga wuyana, da na ce masa amarya ta jira. Danna ɗaya ya rage. Yarinyar nan ta san hular babanta, ta san yana da dariya, amma idonsa sai dai mu da muka gani mu ba ta labari.