Gwoggo Talatu da Katun ɗin Oga Femi

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Karu ya san faifan Gwoggo Talatu, yayar babanmu. Ba tuwo take rufewa da shi ba, talabijin take rufewa.

Shekarar da ma'aikata suka fara kwararowa daga Legas, wani Oga Femi ya kama ɗaki a gidanmu, ya zo da talabijin da bidiyo. Da la'asar yakan fito da su gindin ɗorawar Gwoggo, wadda masu awon hanya suka riga suka shafa wa jan fenti, ya sa mana katun. Da an ɗaga guduma za a kwaɗa wa kyanwa, sai faifai ya sauka a kan gilashi.

"Gwoggo, ai ba ta mutuwa, tashi take yi!"

"Shi ne ƙaryan," in ji ta. "Ƙadangaren da kun harba jiya, ya tashi?"



Ta tasa Oga Femi gaba. "Oga, mutanen akwatin nan ba su da gona ne? Kullum faɗa?" Bawan Allah ya karaɗe kasuwa har ya samo kaset ɗin wani zomo mai lambu. Gwoggo ta kalla har ƙarshe, muna jiran yabo. Sai ta taɓe baki.

"Yana ba shuka ruwa da rana tsaka. Ba manomi ba ne."

Da masu awo suka dawo, kujera ta ba su, ta dama musu kunu, ta yi musu wa'azi har direban katafila ya fara gyangyaɗi. Suka shanye, suka yi godiya, washegari suka kayar da ɗorawar. Muka ɗebo duwatsu, ta daka mana tsawa: "Wanda ya jefa, ba ɗana ba ne."

Ranar na fara ganin hawayenta, kuma har yau abin yana taɓa ni. Ta durƙusa cikin rassan tana tsintar kalwa, ta ƙulla a bakin zane. Da damina ta kai mu gonar wani ƙaninta a Jiwa, kowa ya binne tasa, har Oga Femi da takalminsa na ofis.

Bakwai suka tsiro. Ba ta ga furensu ba.

Allah Ya ji ƙanki, Gwoggo, Ya ba ki inuwar da babu mai sare ta.