Ranar da na ajiye awartaki

Shekarun baya, tun gemuna bai yi fari ba, ni ne wanzamin 'yan Arewa da ke wajen Ogbete a Enugu. Aski da ƙaho gadon gidanmu ne. Cire haƙori kuwa ba wanda ya koya mini, ni na ƙara wa kaina. Na sayi ƙaramin awartaki na jefa a zabira, sai kanumfari da ruwan gishiri. Mutum biyu su danne mai ciwo, in yi bisimilla in fizge. In ya yi ihu in ce, "Haba namiji!"

Wannan ma da sauƙi. Babban laifina abin da nake faɗa ne a kan asibiti. Nakan ce allurar da suke yi a dasashi kashe baki take yi, kuma wani bakin in ya mutu ba ya tashi. Ban taɓa ganin wanda hakan ta same shi ba. A bakin wani na ji, na ga maganar tana kawo mini mutane, sai na riƙe ta.

Wata safiya abokina ya zo da turmin haƙori ya ruɓe. Mahauci ne, mota ɗaya ta kawo mu garin nan. Na kama na ja, sai na ji ƙas. Kan ya fito, saiwar ta tsaya a ciki. Na cusa masa kanumfari na ce ragowar za ta fita da kanta. Kwana uku kumatunsa ya yi suntum, ko koko ba ya iya sha.

Na ce, "Tashi mu je asibiti."

Ya ce, "Wanzam, kai da bakinka? Ka karya mini haƙori, yanzu kuma a kashe mini baki? Da me zan yi ciniki?"

Da ƙyar na ɗora shi a okada.

Likitar mace ce, Ibo. Abokina Turancinsa bai wuce na sayar da nama ba, don haka ni ne tafinta. Ta leƙa bakin, ta ɗago ta tambaya wa ya yi masa wannan aikin. Abokina ya gane tambayar, ya sunkuyar da kai, yana rufa mini asiri. Da na ce wani ne a kasuwa, ba mai ƙaryata ni. Na ce ni ne. Sannan ta rubuta magani ta ce mu dawo in kumburin ya saɓe, kuma ranar in shigo in tsaya in gani da idona.

Muka dawo. Ta yi masa allurar, ta jira, ta taɓa leɓensa ta ce in tambaye shi ko yana ji. Ya ce kamar na wani ne. Ta ce in gaya masa zai ji ana turawa amma ba zafi, in ya ji zafi ya ɗaga hannu, za ta tsaya. Ni kuwa saboda sabo har na danne masa kafaɗa. Ta ce, "Baba, sake shi, ba rago ba ne."

Hannun nan bai ɗagu ba. Tana jefa saiwar a faranti yana tambayata, "Yaushe za ta fara?"

A waje ne hankalinsa ya tashi. Leɓe ya saki, miyau na zuba, magana ba ta fita daidai. Ya riƙe rigata ya ce, "Ya mutu, Wanzam. Ga abin da kake faɗa."

Na ce, "Ta ce kafin la'asar zai dawo."

"To da wa zan yarda? Kai na jiya ko kai na yau?"

Na ce, "Na jiya maƙaryaci ne."

Muka zauna a benci a ƙofar asibitin. Gaskiya ni ma na tsorata, don mutum in ya daɗe yana ƙarya sai ta fara ba shi tsoro. Can ya mintsini leɓen ya yi tsalle, "Kai! Da zafi!" Ban taɓa murnar jin wannan kalma ba sai ranar.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban jama'a na ce na daina cire haƙori, kuma maganar allura ƙarya na yi. Wasu suka yi dariya, wasu suka daina zuwa aski wurina. Abokina ya ce da ƙarfi, "Ku yafe masa, ni ma haƙori ɗaya kawai nake binsa."

Waɗanda na sa aka danne suna ihu ba zan iya nemo su duka ba, Allah Ya yafe mini. Amma tun daga nan duk ɗan Arewa da haƙori ya hana shi sukuni a unguwarmu, wurina ake kawo shi in raka shi. Yanzu tafiya na yi mini wuya, duk da haka ban taɓa cewa a'a ba. In na ga ƙato ya fara rawar jiki a kan kujerar, sai in sunkuya in ce masa, "Kwantar da hankalinka. Wanda ya ce maka tana kashe baki, daga wurina ya ji."