Bijimin Kawu Gado da Akuyar Kore Mai Ruwa

Mako uku ke nan da wannan tafiya, kuma ɓacin rai yakan dagula tunani, don haka mai yiwuwa na kuskure a wasu mintoci ko kilomita.

Dumega

Na fito ƙarfe biyar da rabi na asuba ɗauke da aikin wata huɗu na Kawu Gado, mai gyaran keke. Rijiya ce ta karan dawa, da bijimi mai jan guga. Ƙashin bijimin waya ne, namansa takardar buhun siminti da aka liƙa da kunun gero. A sama akwai farfelar kaba: iska ta kaɗa ta, bijimi ya yi gaba, gugan ƙoƙo ya hau. Za a nuna shi a baje kolin masu sana'ar hannu a Dogon Dutsi, karo na farko da aikin Kawu zai fita daga garinmu. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa.

Ya miƙo mini kwalbar ruwan ganyen bedi, wato darbejiya, ya ce, "In ka kai tasha ka yayyahwa mishi." A raina na ce ruwa yana lalata takarda. Na jefa kwalbar cikin jaka.

Tibiri

Mun tashi bakwai da minti goma, ina rungume da bijimin da rijiyarsa kusa da taga. Mota na ɗaukar gudu, bijimi ya fara aiki. Wata tsohuwa ta zabura: "Abin ga na da doguwa!" Wani matashin ɗan kasuwa ya ce doguwa camfi ce, amma siffar mai rai ba ta halatta. Suka yi ta gardama har Tibiri, inda suka daidaita a kan abu ɗaya: a fitar da shi.

Direba ya ce mini, yana haɗawa da Faransanci, "Mushe, ko shi hau bisa, ko ku sauka ku biyu."

Na sa shi cikin wani kwali, na ɗaure da igiya uku, aka ɗora bisa mota.

Kore Mai Ruwa

Wajen tara saura kwata, in ban manta ba, jandarma suka duba kartidantite, wato katin shaida. Ina cin ƙosai na hangi ana ɗora awaki biyu a saman mota. Na ruga.

"An ɗaure su," in ji direba.

"Bakinsu fa?"

"Kai da ka yi inibarsite, ka taɓa ganin an ɗaure bakin akuya?"

Kimanin kilomita arba'in ina jin ƙarar yagar kwali a bisa kaina. Sau uku na roƙi a tsaya. Tsohuwar ta ce doguwar ce ke neman fita.

Dogon Dutsi

Goma da minti arba'in aka sauko da shi. Ɗaya daga cikin awakin, wata ja, ta cinye kwali, ta cinye bijimi tun daga tozo har wutsiya, ta taɓa rijiyar. Waya kawai ta rage a jikinsa. Haka na kai shi. Iska ta taso, ƙashin bijimi ya ja guga, mutane suka taru suna tafi. Wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, ma ya yaba hikimar barin wayar a fili.

Washegari da la'asar na iso gida lafiya, alhamdulillahi. Kawu ya daɗe yana duban wayar.

"Ka yayyahwa?"

Na fito da kwalbar, cike.

"Ɗacin ga shi ka hana akuya lasa." Ya nuna mini bahon da yake jiƙa takarda. "Gobe da sahe. Kai za ka dama kunun."

Ina roƙon waɗanda muka shiga motar tare su aiko da gyara inda na kuskure, musamman duk wanda ya ji na roƙi direba ya tsaya. Kawu bai yarda ba har yau.