Kawuna da Ba Ya Taka Birki

Ƙanin mahaifiyata, wanda unguwa ke kira Mai Tattali, ƙwai yake kaiwa shaguna a wata tsohuwar mota mai dogon baya. Mutum ne da ko ashana zai kyasta sai ya yi shawara da zuciyarsa. Sabulun wanka kuwa, in ya sirance, manna shi yake yi a jikin sabo.

A tuƙi ma yana da tasa dabarar. Shi dai birki abu ne mai cinyewa, don haka ba a taka shi sai dole. Akwai wani hawa kafin kasuwa inda danja ke tsayar da motoci. Kowa ya taka birki ya jira, ban da Kawu. Sai ya saki kulochi rabi, ya ɗan taɓa totur, motar ta tsaya cak tana gurnani.

"Ka gani?" yake ce min. "Birki yana hutawa, ƙwai bai girgiza ba."

"Kawu, ƙauri nake ji."

"Motar gabanmu ce."

A lokacin yana tara kuɗin sabon kwanon rufi, don ɗakin matarsa yoyo yake yi, kuma ya yi mata alkawarin kafin damina za a gama. Ita ma har ta sanar da maƙwabta.

Wata safiya a wannan hawan danja ta ba da hannu, Kawu ya ba da wuta. Inji ya yi ihu, mota ko motsi. Sai ma ta fara sulalewa baya a hankali. Ranar dai ya taka birki, da ƙafa biyu ma kuwa.

Da aka jawo ta gareji, bakaniken ya leƙa, ya shinshina, ya goge hannu a wando.

"Maigida, kulochi ya tafi. Sai an sauke giya gaba ɗaya kafin a kai gare shi."

"Ɗan farantin nan? Ai bai fi murfin tukunya ba!"

"Murfin tukunyar ne, amma tukunyar a ƙasan rijiya take."

Da ya faɗi kuɗin kaya da na aiki, Kawu ya nemi benci ya zauna. Ya roƙi ragi, ya tambayi na hannu, har ya ce ko za a juya farantin a yi amfani da ɗaya gefen. Bakaniken ya ce duka gefen biyun ya riga ya cinye. Mota kuma ita ce abincin gidan. Haka kuɗin rufi suka shige ƙarƙashinta.

Da aka gama gyara, Kawu zai karɓi makulli, bakaniken ya ce, "Amma fa birkinka kamar yau aka sa shi."

Wallahi fuskar Kawu sai ta washe. Da wannan albishir ya isa gida. Ya tarar hadari ya haɗu, matarsa tana jera robobi da bokitai a tsakar ɗaki, ta jawo katifa gefe.

"Kin san me injiniya ya ce? Bai taɓa ganin birki mai lafiyar nawa ba."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Madalla, Malam. Ka ciro shi mu rufa ɗakin da shi. Miƙo min wancan bahon."

Ya miƙa mata.