Madubin Kassim

Na daɗe ina shakkar rubuta labarin Kassim mai gyaran waya. A shekarun da mutane suka rasa gidaje da garuruwa, wa zai zauna ya karanta labarin wanda ya rasa abin da ko a hannu ba ya riƙuwa? Shakka ta biyu ta fi wannan nauyi. Na yi karatun na'ura a nesa kafin in dawo Gadarif, kuma da ni ya tambaya ranar da zai sayi kayansa, shawarar da ya bi ita zan ba shi. Shi da kansa ya ce in rubuta, in kuma sa sunansa.

Kassim ɗan Malam Abdulhamidu ne, manomin dawa da riɗi, amma bai gaji noma ba. Tun yana saurayi hannunsa ya fi karkata ga rediyo. Da rediyo ya ja baya ya koma waya, ya kama ɗan shago a gefen kasuwa, inda leburorin gona ke kawo masa wayoyin da suka sha baƙar laka. Mutum ne mai tsanaki. Ko ƙusoshin da ya kwance sai ya jera su bi da bi a kan farin ƙyalle.

A gida yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya mayar rumbu. Fina-finai, karatun Alƙur'ani, bidiyon bukukuwan dangi, duk suna ciki, kuma kowa a gidan yana buɗewa daga wayarsa ba tare da ya sayi data ba. Da ta cika, ya tafi wurin Elfadil mai sayar da kayan kwamfuta don ya ƙaro hardi, wato faifan da ake ajiya a cikinsa.

"Ya usta, gwanin gyara, ga babba guda, tera takwas," in ji Elfadil. "Ka zuba duniya a ciki ka huta."

"In ya mutu fa?"

"Kai ma ai za ka mutu."

"Ni ba a ajiye bikin kowa a cikina ba. Ba ni biyu, masu tera huɗu-huɗu, kuma kada su zama ƙirar kamfani ɗaya. Ba na son su tsufa rana guda."

Ya haɗa su haɗin da masu sana'ar ke kira miraya, madubi: duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take yake fita a ɗayan. Rabin wurin ajiya ya tafi a haka, bai damu ba. Ya sa wa kwamfutar batir saboda ɗaukewar wuta, ya kafa mata fanka, ya ɗora ta a kan tebur mai tsawo don danshin damina. Da ya gama ya kira matarsa Raniya ya nuna mata.

"In wannan ya mutu, wancan na nan. Duk abin da wannan ya yi, wancan zai yi."

"Ashe ba ya gardama," in ji ta.

"Amfaninsa ke nan."

A wannan shekarar ce yayarsa Huseina ta zo daga Madani da kaset bakwai a cikin gwangwanin alewa. Muryar mahaifinsu ce. Shekara biyu kafin ya rasu, Malam Abdulhamidu ya zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, Huseina na danna masa rikoda, ya ba da labarin tafiyar mahaifinsa daga Haɗeja da niyyar Makka: shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ana noma ana gaba, da sunan kowane zango da sunan duk wanda aka binne a hanya. Kassim ya kwana uku yana juye su cikin kwamfuta, ya rage musu ƙara, ya gyara inda zaren ya tauna.

"Sa min nawa a zakira," in ji Huseina, tana miƙa masa ɗan katin wayarta.

"Yaya, wannan abin da ruwa ya taɓa shi ya tafi. Ki bar Baba inda yake da tagwai."

Ta ɗan dube shi, ta mayar da katin cikin jaka. Ta koma Madani da gwangwaninta.

A ƙarshen shekarar 2023, da yaƙi ya iso Madani, ta dawo da jikoki uku da jaka ɗaya. Gwangwanin yana can ƙarƙashin gado, a gidan da ba ta san ko yana tsaye ba. Gidan Kassim ya cika, mutum goma sha tara a ɗaki huɗu. Da shabaka, wato layin sadarwa, ta yanke, waya ta daina kira, kwamfutar nan ta zama abin da ke riƙe yara wuri ɗaya, tana ɗauke wa manya hankali na awa guda ko biyu. Maƙwabta suka fara kawo fina-finansu a zuba. Kassim bai taɓa jin yana da amfani kamar a watannin nan ba, kuma ya san yana jin daɗin yadda ake cewa jihaz ɗin Kassim, wato na'urarsa, ba ya ɓatar da komai.

Wata Juma'a, ana gab da tafiya masallaci, wuri ya ƙare. Akwai tarin jakunkuna, wato folda-folda, a cikin kwamfutar da ba su da suna sai kwanan wata, kayan wayoyin mutane da ya taɓa juyewa kafin gyara. Ya zaɓe su gaba ɗaya. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata, ya ɗauki hularsa. Da ya dawo ya cika wurin da sababbin fina-finai.

Bayan mako uku, da hantsi, Huseina na soya bunni, 'ya'yan kofin da ake dafa jabana da su, a rakuba, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kassim, sa min Baba."

Ya shiga ɗaki ya nema. Ya nema da suna, sai ya tuna bai taɓa sa wa jakar suna ba, kwanan watan ranar da ya juye kaset ɗin kawai ya bari. Ya kashe kwamfutar, ya ciro hardi na biyu ya duba shi shi kaɗai. Madubin ya yi aikinsa da gaskiya. Abin da ya goge a ɗaya, a daƙiƙar nan ya gogu a ɗayan. Ya tsare na'urar daga zafi, daga wuta, daga danshi, daga tsufa, bai tsare ta daga hannunsa ba.

Ya fito ya ce, "Jihaz ɗin ya yi zafi, Yaya. Sai an jima."

Kwana huɗu ya yi a shago da faifan biyu, yana bin su da duk dabarar dawo da abin da aka goge da ya sani. Sababbin fina-finan sun riga sun hau kan wurin. Abin da ya fito guntayen kiɗa ne da rabin hoton wata amarya da bai sani ba.

Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Yau batir ne, gobe waya ce ta saki, jibi ana gyara. Ya koma cin abincin rana a shago don kada ya zauna kusa da ita. In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon takalminsa. Raniya ta tare shi wata safiya a bakin ƙofa, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Abu Iman, ba ka iya ƙarya ba. Yara na kallon fim kullum a jihaz ɗin da ka ce ya lalace. Kana zaton ba ta gani?"

"Ta bar gidanta da komai nata. Abu ɗaya ta san yana nan lafiya. Da wane baki zan faɗa mata?"

"Da wanda ka hana ta kati."

Bai faɗa ba. Ya ƙara wata biyu a haka, Huseina kuma ta daina tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo.

Ana gab da faɗuwar damina sai ga Elnour daga Hawata, ɗan ƙanen mahaifinsu. Ya zo ɗaukar buhun irin riɗi da ya ajiye a gidan tun bayan girbi. Iyayensu ne suka fara wannan: kowace shekara a raba iri biyu, rabi a Hawata, rabi a Gadarif, kuma ba a taɓa na ajiya sai shuka ta zo. Kassim ya taya shi fito da buhun daga ɗakin da kwamfutar take.

"Na gida ƙwaro ya shiga, har buhun da ke jingine da shi," in ji Elnour, yana zuba hannu cikin irin yana shinshinawa. "Wannan kam lafiya lau. Allah ya ji ƙan Baba Abdulhamidu. Shi ya ce kada a taɓa kwantar da su ɗaki ɗaya."

Kassim ya tsaya riƙe da kunnen buhu. Shekara arba'in yana ganin buhun nan yana zuwa yana komawa, sau da yawa shi ke ɗora shi a mota. Ya raka Elnour bakin titi, ya dawo ya wuce kai tsaye rakuba, ya zauna a ƙasa gaban yayarsa.

"Yaya, Baba ba ya cikin jihaz. Ni na goge shi da hannuna, wata uku ke nan."

Ta ci gaba da tsince wake a faranti. Can ta ce, "Na roƙe ka kati guda."

"Kin roƙa."

"Ka ce yana da tagwai."

"Na faɗa."

"Gogewar kuskure ce, na sani. Wata ukun fa? Kullum ina zuba maka jabana kana karɓa."

Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki.

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A na uku, bayan an karya kumallo, ta shimfiɗa tabarma a daidai inda mahaifinsu ya zauna, ta ce ya kawo abin ɗaukar magana. Shekara ashirin tana sa kaset ɗin nan kowace Juma'a tana aikin gida. Ta fara daga ƙofar Haɗeja, da kalmomin tsohon, har da inda yake cewa a ƙaro masa shayi. Safiya biyar suka yi. Tsakanin Jinena da Ubayyid ta tsaya, ta lissafa da yatsu, ta sake lissafawa. Kaburbura biyar ne a wannan tsakanin, sunaye uku suka zo mata.

"Mace ɗaya da jariri," in ji ta. "Sunan ya tafi. Allah ya san su."

Kassim yana riƙe da wayar, bai ɗago kai ba.

Madubin yana nan har yau, don faifai na mutuwa, wannan bai canza ba. Amma ya sayo na uku, wanda ba ya kwana a jone. Ranar ɗaya ga wata yake juye masa abin da ba a iya sake samu, ya cire shi. Akwai na huɗu, ƙarami, da ya tafi Hawata a cikin kayan Elnour. Huseina na da katinta, ƙulle a gefen tobinta, mayafin da take naɗawa. Jakar kuma yanzu tana da suna, cikakke, har da na kakansu. In mai waya ya zo shago ya ce hotunansa na wuri biyu, Kassim yakan ajiye abin da ke hannunsa ya tambaye shi ko wuraren biyu suna jin maganar juna.

Ranar ƙarshe da na zauna da shi a shagon, na tambaye shi ko yana sauraron abin da Huseina ta faɗa.

"Sau ɗaya na gwada," in ji shi. "A kaset na uku akwai inda Baba ya yi tari. Da ta iso wurin sai ta ce, a nan ya yi tari, ta yi shiru daidai tsawon tarin, sannan ta ci gaba. Ban iya wuce wurin ba tukuna."