Waƙa ta Huɗu a Hanyar Torodi

An tare ni a hanyar Torodi da rana tsaka. Mutum shida a kan moto uku, kowa da bindiga. Katako na ɗauko daga Yamai, ni kaɗai a kamiyo, babbar motar kaya.

Kamiyon tsoho ne, daga Turai aka sayo shi. Ranar da na karɓe shi na tarar da faifan sede uku a aljihun ƙofa, duk na ƙungiyar makaɗa ɗaya. Kiɗan ƙarfe ne na Turawa, gita mai kuka da ganga mai sauri. Ban san sunansu ba, ba na jin kalma ko ɗaya. Da hoto nake gane su.

Mai hoton jirgin ruwa sauri ne zalla, yana da kyau in barci ya kama mutum a kan sitiyari. Marar hoto kuwa sun tsufa a cikinsa, murya ta yi laushi, waƙar ƙarshe kaɗai nake so. Mai hoton ƙaho shi ne babba. Waƙarsa ta huɗu tana farawa a hankali, gita ɗaya tal. Sai ganga ta faɗo kamar maƙeran kasuwar Katako sun haɗu suna dukan tano guda, babban duron ƙarfe. Mawaƙin yana ihu irin na wanda ya ga abu da idonsa. In ina jin ta, tsoron hanya ba ya samun wurin zama a ƙirjina.

Ita nake ji da suka fito daga daji. Na kashe mota, kiɗa ya mutu.

Akwai wata ƙaramar mota a gabana. Sun sami waƙoƙi a salular direbanta. Suka fasa salular, suka kwantar da shi a ƙasa suna dukansa da bel. Ina kallo.

Ɗaya ya zo wurina, rawani ya rufe masa baki.

"Baba, kawo salula."

Na ba shi. Ƴar ƙarama ce, babu komai ciki.

"Jikinka na rawa."

"Zazzaɓi ne."

"Duk wanda muka tare zazzaɓi yake yi," ya ce, ya yi dariya. "Tada motarka ka tafi."

Na dubi makullin. Rediyon kamiyon nan maɓallinsa ya lalace tun bara. Da an murɗa makulli yake tashi da kansa, daga inda ya tsaya, da cikakkiyar murya. Kuma daidai wurin gangar ya tsaya.

"Ba ka ji ba?"

"Takalmina ya faɗi, ɗana."

Na sunkuya ƙarƙashin sitiyari. Wayoyi sun fi goma, ban san wacce ce ta rediyo ba. In na tsinke ta mota, nan zan kwana, in ma an bar ni da rai. Na bi da yatsa har bayan rediyon, na kama guda uku, na fizge. Hannuna ya yanke, ban ji ba.

Na murɗa makulli. Inji ya tashi. Ba abin da ya biyo baya.

Ban juya na dubi wanda ke kwance ba. Har yau ban san yadda ya ƙare ba.

Na bar hanya tun daga wannan tafiyar. Yanzu ina unguwar Kirkissoye, yashi nake ɗauka daga bakin kogi zuwa cikin gari, ba na wuce shingen fita daga Yamai.